Wasannin Sanɗa a Tafin Hannu: Da Me Ake Auna Ingancinsu?

Wasan sanɗa rukuni ne na wasannin bidiyo da ake cin nasara a cikinsa ta hanyar kauce wa idon abokin gaba. Mai wasa yana tafiyar da mutum ɗaya, galibi ɗan leƙen asiri ko ɓarawo ko sojan ƙundumbala, ya kutsa wurin da masu gadi suka yi masa yawa, ya laɓe a bayan akwati, ya jira mai sintiri ya ba da baya, sannan ya saɗaɗa ya wuce. Akwai bindiga, akwai wuƙa, amma wanda ya dogara da su ba ya yin nisa. Jarin mai wasa shi ne haƙuri da lura, kamar maharbin da ke bin barewa ta ƙarƙashin iska: sai ya san inda take kallo, ya san ƙarar takunsa, ya kuma san lokacin da zai tsaya cak. Saboda haka duk wasan sanɗa yana tsaye ne a kan abubuwa uku, wato abin da mai wasa yake gani, da abin da yake ji, da yadda yatsunsa ke iya sarrafa motsi sannu a hankali. Waɗannan ukun kuwa su ne na farko da ke raunana idan aka ɗauko wasa daga babbar na'urar ɗaki aka mayar da shi na'urar hannu.

Tarihin rukunin yana da wani abin lura. Ana yawan ambaton Castle Wolfenstein na 1981 a cikin na farko-farko, amma wanda ya kafa tsarin da ake bi har yau shi ne Metal Gear, wanda Hideo Kojima ya tsara wa kamfanin Konami na Japan a 1987. An so a yi wasan yaƙi ne a kan kwamfutar MSX2, sai aka tarar ba ta iya nuna sojoji da harsasai masu yawa a lokaci guda. Kojima ya juya lamarin, ya ce to a guje wa faɗan gaba ɗaya. Wato raunin na'ura ne ya haifi wannan salo. Shekara ta 1998 ce ta fito da shi sarari, lokacin da Tenchu da Metal Gear Solid suka fito a PlayStation, Thief kuma a kwamfuta. Splinter Cell na kamfanin Ubisoft ya biyo baya a 2002, da jaruminsa Sam Fisher mai tabarau mai fitilu uku koraye, ya mayar da haske da inuwa ginshiƙin wasa. Duk waɗannan na baya an gina su ne domin mutumin da ke zaune a ɗaki, gaban talabijin ko kwamfuta, da lasifika a gefe da abin sarrafawa mai maɓallai da yawa a hannu.

Ba haka lamarin yake a Dawce ba, ko a sauran garuruwan gundumar Kance da ke kewaye da Matamaye. A wannan yanki na jihar Damagaram, wanda ba shi da nisa da iyakar Najeriya ta wajen Daura, na'urar wasa ita ce wayar hannu, mafi yawa Tecno da Itel da Infinix, wasu an saye su a Matamaye ko Zinder, wasu 'yan ci-rani ne suka dawo da su daga Kano. Wasa ba ya zuwa a kwali mai hoto. Yana zuwa ne a memori, ko a tura shi daga waya zuwa waya da Xender, ko a biya mai tura waƙoƙi da finafinai ya zuba shi tare da wasu da dama. Wasan ƙwallo ne sarki, wasannin faɗa da tseren mota na biye da shi, na sanɗa kuwa tsiraru ne da ke shigowa cikin tarin. Ana buga su a inuwar bishiya ko a tebur mai shayi, cikin hasken rana da hayaniyar babura, da batir ɗin da aka biya kuɗi aka yi wa caji a shagon mai sola ko janareta. Babu kamfanin da ya yi tunanin wannan wuri lokacin da yake tsara wasansa, amma da wuya a samu wurin da ya fi shi tona asirin aikin da aka yi da ha'inci.

Idan aka bi wasannin da aka mayar na'urorin hannu tun daga 2000, za a ga sun kasu gida biyu: waɗanda aka rushe aka sake ginawa daidai da ƙaramar na'ura, da waɗanda aka danna aka cusa a cikinta domin su yi kama da na asali. Mafi kyawun misalin gida na farko shi ne Metal Gear: Ghost Babel, wanda ya fito a Game Boy Color a 2000 a ƙarƙashin jagorancin Shinta Nojiri. Fuskar wannan na'ura ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, maɓallan wasa kuma biyu ne ban da na tafiya. Masu aikin ba su yi yunƙurin kwaikwayon hoton PlayStation ba. Sun koma kallon wuri daga sama kamar a 1987, sannan suka ɗebo dabarun 1998 suka zuba: jingina da bango, ƙwanƙwasa shi domin a janyo mai gadi, rarrafe, da ɗan allon rada a kusurwa mai nuna inda kowane soja yake. Labarin ma a wata ƙasa ta ƙirƙira ake yin sa, Gindra, wadda aka ce tana tsakiyar Afirka, da irin kallon nesa da masu shirya wasanni suka saba yi wa nahiyar. Abin da ya sa wasan ya tsaya da ƙafarsa shi ne, a kowane lokaci mai wasa ya san abin da ke kewaye da shi. In an kama shi, ya san laifinsa ne.

Irin wannan hikima ce ta yi aiki a wasannin Java na ƙananan wayoyi, waɗanda su ne wasannin sanɗa na farko da matasa da yawa a ƙasar Hausa suka taɓa riƙewa, zamanin Nokia da Sony Ericsson. Kamfanin Gameloft na Faransa, wanda Michel Guillemot ya kafa, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa Ubisoft, shi ne ya riƙa mayar da Splinter Cell da Assassin's Creed wayoyi masu maɓalli. Ya yi su a kallon gefe, mutum na tafiya hagu ko dama, ya shige ƙofa mai duhu ya laɓe, ya rataya a bututu, mai gadi ya wuce ta ƙasansa. Yawancinsu ba su kai megabayit ɗaya ba. Ba wanda zai ce sun kai na asali zurfi, kuma gajeru ne ƙwarai, amma ƙa'idarsu a fili take: wurin duhu mafaka ne, wurin haske haɗari ne, maɓalli ɗaya aiki ɗaya. Mutum na iya buga su da babban yatsa ɗaya, a tsakar rana, ba tare da sauti ba.

Gida na biyu ya cika ne da zuwan Nintendo DS da PSP a ƙarshen 2004. Waɗannan na'urori sun iya nuna hoto mai zurfi, sai kamfanoni suka ga ai lokaci ya yi da za a sayar wa mutane wasan ɗaki a aljihu. Matsalar PSP ita ce sandar yatsa ɗaya tak gare ta, alhali wasan sanɗa na zamani biyu yake buƙata, ɗaya ta tafiya, ɗaya ta waiwaye. Splinter Cell: Essentials na 2006 ya faɗa wannan rami har wuya. Domin a juya kallo sai an danne wani maɓalli a yi amfani da sandar tafiyar, ma'ana mutum ba zai yi tafiya yana dube-dube a lokaci guda ba. Ga shi kuma wasan duhu ne tun asali, fuskar PSP kuwa inci 4.3 ce mai ɗaukar ido, don haka a waje da rana abin da mai wasa ke gani galibi fuskarsa ce a gilashi. Splinter Cell: Chaos Theory da aka kai DS a 2005 ya sha suka saboda sarƙewar hoto da wuyar sarrafawa, duk da cewa na babbar na'ura yana cikin waɗanda aka fi yabo a rukunin baki ɗaya. Tenchu: Dark Secret na 2006 a DS bai tsira ba shi ma. Assassin's Creed: Bloodlines na 2009, wanda aka kai labarinsa tsibirin Kubrus, ya riƙe hawan gini da tsalle, amma titunansa kusan wayam suke, alhali ɓuya cikin taron jama'a na daga cikin abin da ya bambanta wasan asali na 2007. Suna da riga duk suna nan, abin da ake zuwa nema ne babu.

Ba wai PSP ba ta da nagari ba. Syphon Filter: Dark Mirror na 2006 ya nuna ana iya mayar da maɓallai huɗu na dama su yi aikin sanda ta biyu, kuma ya samu karɓuwa. Amma wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Metal Gear Solid: Peace Walker na 2010, wanda Kojima da kansa ya jagoranta, labarinsa kuma a Kosta Rika cikin 1974. Kafin shi an yi Metal Gear Acid a 2004, aka mayar da sanɗa wasan kati na bi-da-bi, sannan Portable Ops a 2006, wanda kallonsa ya wahalar da mutane. Peace Walker ya koyi darasi daga duka biyun. An yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane aiki mintuna kaɗan, yadda mai jiran mota zai gama ɗaya kafin a cika. An rage faɗin filaye, an yi yawancinsu da rana cikin daji mai haske. An ba mai wasa zaɓin tsarin maɓallai har uku. An cire rarrafe gaba ɗaya, jarumin na iya kwanciya amma ba ya jan ciki, domin maɓallan ba za su ɗauki komai da komai ba. A madadin abin da aka cire sai aka ƙara abin da ya dace da wasan ɗan lokaci kaɗan: sojan da aka sumar ana ɗaura masa balan-balan a aika shi sansani ya zama ma'aikaci, sansanin kuma yana girma daga zama zuwa zama. Wannan dabara ta sa barin abokin gaba da rai ya fi kashe shi riba, abin da ba a cika samu a wasannin bindiga ba.

Peace Walker ma yana da nasa aibin. Manyan injunan yaƙin da ake karawa da su an auna ƙarfinsu ne da mutum biyu zuwa huɗu masu wasa tare, irin yadda matasan Japan suka saba haɗuwa kan wasan Monster Hunter, don haka wanda ke wasa shi kaɗai yana shafe lokaci mai tsawo yana harbin ƙarfe, babu sanɗa babu dabara. Rubutun da ke cikinsa ma yana da yawa, kuma wanda Turancinsa ko Faransancinsa bai yi ƙarfi ba zai yi ta lalube a shafukan sansani. Duk da haka shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa gwada sauran da shi. Abin mamaki, shekara biyu bayansa kamfanin Konami ɗin nan dai ya kai wani wasan Metal Gear Solid, Snake Eater, na'urar 3DS kusan yadda yake a PlayStation 2, da dogayen finafinansa da dazuzzukansa masu duhu, hoton na tafiya da nauyi, kuma sai an sayi wani ƙarin abin maƙalawa kafin a samu sanda ta biyu. In kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi, amma ba kullum kamfani ke tuna abin da ya riga ya koya ba.

Wasannin PSP sun iso garuruwa irin su Dawce ne ta wata hanya da masu su ba su shirya ba, wato manhajar PPSSPP da wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya saki kyauta a 2012, wadda ke sa wayar Android ta yi aikin PSP. Ita kanta manhajar halal ce, amma kwafin wasannin da ke yawo a memori ba da izinin masu su ake raba su ba, kuma wannan magana ce mai zaman kanta. Abin da ya shafi inganci shi ne, wasan da aka riga aka rage sau ɗaya yanzu an sake rage shi. Maɓallan da a PSP ake jin su a ƙarƙashin yatsa sun koma zane a kan gilashi, manyan yatsu biyu sun rufe kusurwoyin fuska, sau da yawa daidai inda ake nuna alamar haɗari. Tafiyar sanɗa tana buƙatar a tura sanda rabi, ba duka ba, gilashi kuwa ba ya gaya wa yatsa inda rabi yake, balle in akwai gumi ko ƙurar hunturu. Wasan ƙwallo yana jure wannan, domin kuskure ɗaya ba ya kashe wasa. A wasan sanɗa kuskure ɗaya ne ke tayar da ƙararrawa. A ɗaya gefen manhajar ta kawo sauƙi guda: ana iya ajiye wasa a kowace daƙiƙa, abin da ke ceton wanda batir ɗinsa ke ja, ko da yake yana rage fargabar da ita ce daɗin rukunin, tunda kowane kuskure ana iya goge shi nan take.

Akwai kuma batun nauyi. Peace Walker ya haura gigabayit ɗaya, kuma wanda ke sayen data ƙanƙani-ƙanƙani a Airtel ko Moov ko Zamani, a wurin da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, ba zai sauke shi cikin daɗin rai ba. Shi ya sa kwafin da aka matse suke da kasuwa. Wasu matsewar ba ta taɓa komai, amma wasu an cire musu muryoyi da kiɗa da finafinan labari ne domin su yi sauƙi. Wasan tseren mota da aka cire wa kiɗa yana nan a wasansa. Wasan sanɗa da aka cire wa sauti kuwa an raba shi da kunne, domin takun mai gadi da maganarsa ta rediyo su ne ke gaya wa mutum abin da ke bayan bango. Ko da sautin na nan, ƙaramar lasifikar waya ba ta bambanta hagu da dama, kuma ba kowa ke wasa da abin ji a kunne ba a wurin da ake zaman hira.

Nan ne ake ganin kuskuren ma'aunin da ya yaɗu a tsakanin masu wasa, a Kano ne ko a Zinder ko a ƙauye: ana tambayar kyan hoto da yawan megabayit, ana ɗauka wasan da ya fi kama da fim shi ne ya fi. A wannan rukuni abin tambaya shi ne ko wasan yana mayar da abin da kunne ba zai ji ba ya zama abin gani. Alamar motsin rai da ke bayyana a kan sojan da ya hango mutum tun Metal Gear na 1987 ita ce farkon wannan tunani. Mark of the Ninja na kamfanin Klei na Kanada, wanda ya fito a 2012 aka kai shi Nintendo Switch a 2018, ya kai shi matuƙa: kowane taku yana fitar da da'ira mai nuna iyakar inda ƙararsa ta kai, kowane mai gadi ana ganin faɗin abin da fitilarsa ke haskawa. Robbery Bob, ƙaramin wasan waya na barkwanci da ya fito a 2012, yana bin hanya mai kama da wannan da kallon sama da gajerun matakai, kuma yana tafiya a wayar da ba ta da ƙarfi, sai dai tallace-tallace sun yi masa yawa. République na 2013 ya warware matsalar waiwaye ta wata fuska, ya sa mai wasa yana kallo ta kyamarorin tsaro yana taɓa wurin da yake so jarumar wasan ta laɓe.

Wanda ya fi kowa ƙarfin hali shi ne Hitman GO, wanda reshen Square Enix na Montreal ya fitar a 2014. An ɗauki wasan Hitman da aka sani da manyan gine-gine da sauya tufafi aka mayar da shi allo mai layuka da 'ya'yan wasa: mai wasa ya matsa taku ɗaya, masu gadi su matsa taku ɗaya. Wanda ya saba da dara zai gane shi cikin minti biyu, ba ya buƙatar sauti, ba ya buƙatar saurin yatsa, kusan ba ya buƙatar karatu. Masu suka suna cewa wannan ya daina zama wasan sanɗa ya koma wasan wasa ƙwaƙwalwa, kuma suna da hujja, domin babu bugun zuciyar wanda ke laɓe mai gadi na matsowa. Amma lissafin hanyar sintiri da zaɓen lokacin motsi, waɗanda su ne ƙashin bayan rukunin, sun tsira cikakku. Cikas ɗinsa a wuri irin Dawce na kuɗi ne: sayar da shi ake yi, kuma saye a Play Store yana buƙatar hanyar biya da yawancin matasan karkara ba su da ita.

Na'urorin baya-bayan nan sun rage wasu daga cikin tsofaffin matsaloli. Switch na 2017 da Steam Deck na 2022 suna da sanda biyu da ƙarfin ɗaukar wasan ɗaki yadda yake, kuma kamfanin Feral Interactive na Ingila ya yi aiki mai kyau wajen kai Alien: Isolation wayoyi a 2021 da Hitman: Blood Money a 2023. A na biyun ya ƙara 'yar taswira a kusurwa da wata hanya ta haska masu gadi da abin da ake nema, abubuwan da babu su a wasan asali na 2006, domin ya san ƙaramar fuska tana ɓoye abin da talabijin ke nunawa. Sai dai waɗannan suna cin gigabayit da dama kuma suna neman waya mai tsada. Assassin's Creed Mirage da aka kai wayar Apple a 2024 sai daga iPhone 15 Pro zuwa sama yake tashi. Wata hanyar kuma ta fi nisa da mai wasan karkara: Hitman 3 da aka saka a Switch a 2021 ba a cikin na'urar yake gudana ba, daga wata kwamfuta mai nisa ake turo hotonsa ta intanet, in layi ya yi rauni na daƙiƙa ɗaya mai gadi ya riga ya juyo. Dogaro da uwar garken kamfani yana da wani haɗarin ma ko ga mai intanet mai ƙarfi. Bayan an sayar da reshen Montreal ɗin nan aka kuma rufe shi a 2022, an janye Deus Ex GO, ƙanin Hitman GO, aka sanar cewa daga Janairun 2023 zai daina aiki har a wayoyin waɗanda suka biya kuɗinsu suka saya.